Sigarin lantarki: Ɓarnar da yake yi wa haƙora da dasashi a ɓoye, da darasi ga matasan Adar

Ba ya warin taba, ba ya barin toka, ba ya ƙona riga, kuma hayaƙinsa ƙamshin mangwaro ko kankana ko na'a-na'a yake yi. Waɗannan siffofi ne suka sa sigarin lantarki, wanda matasa ke kira "vape", a ƙasashen renon Faransa kuma "puff", ya samu shiga wurin waɗanda ko kusa ba za su yarda a gan su da karan sigari ba. A watan Oktoban 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu zuƙarsa sun haura miliyan 100, cikinsu har da yara aƙalla miliyan 15 'yan shekara 13 zuwa 15.

Yawancin muhawarar da ake yi a kansa ta fi karkata ga huhu da zuciya. Sai dai kafin hayaƙin ya kai huhu, ta baki yake bi, kuma binciken likitocin haƙori na shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa yana barin tabo a can. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne wannan ɓarna ba ta cika nuna alama da wuri ba. Ga mazaunin birnin da ke da likitan haƙori a bayan gida, wannan matsala ce. Ga mazaunin gari irin Badagishiri, matsala ce ninki biyu.

Me ya haɗa Badagishiri da sigarin lantarki?

Badagishiri na cikin gundumar Illela a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, a kan babbar hanyar da ta taso daga ɓangaren Birnin Ƙonni zuwa Tawa, kimanin kilomita 50 kudu da birnin na Tawa. Ƙidayar 2012 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutum sama da 100,000, kuma kasuwarta na tara jama'a daga sassan Adar da wajenta.

An san ƙasar Adar da tafiya biɗa. Da an gama aikin damina, samari kan nufi Abijan, Legas, Kano, Libiya ko Aljeriya, su dawo da kuɗi da tsaraba, da kuma sababbin ɗabi'u. Kudu da nan ga Birnin Ƙonni, wadda ke fuskantar Illelar jihar Sakkwato, inda kaya ke ƙetarawa dare da rana. Duk abin da ya zama yayi a manyan birane, daga waya zuwa salon aski zuwa shisha, ta waɗannan hanyoyi yake isowa fadar samari a ƙauye. Sigarin lantarki ya fi shisha sauƙin tafiya, domin bai wuce girman alƙalami ba, aljihu yake shiga, kuma ba ya buƙatar gawayi.

Taba ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Dattawa sun san garin taba da ake haɗawa da kanwa a dunƙula a baki, mata kuma sun san furen taba da ake goga wa haƙora tare da goro. Amma waɗannan duk ana ganin sawunsu a baki. Sabon baƙon ba ya barin irin wannan sawu, shi ya sa iyaye ba su cika gane ɗansu ya fara ba.

Abin da ke cikin ruwan

Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro sigarin lantarki na zamani a 2003, kuma har yau mafi yawansa a birnin Shenzhen ake ƙera shi. Batir ne ke zafafa wata 'yar waya, ita kuma ta mayar da ruwan da ke ciki ya zama hayaƙi. Masu sayarwa kan ce tururin ruwa ne kawai, amma ba haka ba ne. Ruwan haɗi ne na sinadarin furofilin gilaikol, da gilisarin, da kayan ƙamshi da na zaƙi, sannan mafi yawan lokuta da nikotin, wato sinadarin da ke sa mashayin taba ya kasa bari.

A Tarayyar Turai da Birtaniya doka ta hana nikotin ya wuce miligiram 20 a kowace mililita. A kasuwannin da babu mai dubawa kuwa, ana samun waɗanda aka rubuta wa 5%, wato miligiram 50, ninki biyu da rabi ke nan.

Bushewar baki da ruɓewar haƙori

Illa ta farko ita ce bushewar baki. Furofilin gilaikol na tsotse danshi, shi ya sa masu zuƙa ke yawan kukan ƙishirwa da kaushin maƙogwaro. Yawu kuwa shi ne mai gadin haƙori: yana wanke ragowar abinci, yana kashe kaifin tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa, yana kuma mayar wa haƙori da sinadaran da suka zube daga jikinsa. Idan yawu ya ragu, ƙwayoyin cuta sun samu fili.

Illa ta biyu daga zaƙin take. Gilisarin na da danƙo, yana manne wa haƙori. Wani gwaji da masu bincike na gidauniyar Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka suka wallafa a 2018 ya gano cewa hayaƙin na sa ƙwayar cutar da ke ruɓar da haƙori, Streptococcus mutans, ta manne wa fatar haƙori har ninki huɗu, wasu kayan ƙamshin kuma na rage taurin fatar da kashi 27 cikin 100. Masu binciken sun kamanta tasirinsa da na alewa mai danƙo da lemon kwalba.

A 2022 likitocin Jami'ar Tufts da ke Amurka, ƙarƙashin jagorancin Dakta Karina Irusa, suka duba bayanan marasa lafiya sama da 13,000 da suka zo asibitin haƙorin jami'ar. Kusan kashi 79 cikin 100 na masu zuƙar sigarin lantarki sun faɗa rukunin waɗanda ke cikin babban haɗarin kogon haƙori, yayin da a sauran jama'a adadin ya tsaya kusan kashi 60. Masu zuƙar ba su da yawa a cikin waɗanda aka duba, saboda haka masu binciken suka ɗauki sakamakon a matsayin gargaɗin farko, amma ya yi daidai da abin da aka gani a ɗakin gwaji.

A auna wannan da rayuwar saurayi a Adar. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, a lokacin hunturu kuma iska busasshiya ce, leɓe har tsagewa yake yi. A fada ana dafa shayi zagaye uku, kowanne da sukari mai yawa, ana kurɓa a hankali har dare ya raba. Bakin da ya riga ya bushe, aka jiƙa shi da sukari na sa'o'i, aka kuma bi shi da hayaƙi mai danƙo, ya haɗa duk abin da tsutsar haƙori ke nema.

Dasashin da ba ya zubar da jini

Illa ta uku ita ce mafi yaudara. Alamar farko ta ciwon dasashi ita ce jini a jikin buroshi ko asuwaki. Nikotin kuwa yana matse ƙananan jijiyoyin jini, sai dasashi ya rage zubar da jini ko da cuta na cinsa. Likitoci sun daɗe da sanin haka a wurin mashaya sigari: dasashinsu kan yi kamar lafiya lau, alhali ƙashin da ke riƙe da haƙori na zaizayewa a ƙasa. Sai haƙori ya fara girgiɗi mutum ke farga, kuma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa.

A 2020 masu bincike a Jami'ar New York, Deepak Saxena da Xin Li, suka gwada bakin mutum sama da 100. Sun samu ciwon dasashi a kashi 72.5 cikin 100 na mashaya sigari, kashi 42.5 na masu sigarin lantarki, da kashi 28.2 na waɗanda ba sa shan komai. A shekarar dai, tawagar Farfesa Purnima Kumar a Jami'ar Jihar Ohio ta duba mutum 123 da ba su da wata alamar ciwon baki, ta tarar ƙwayoyin halittar da ke bakin masu sigarin lantarki sun yi kama da na masu ciwon dasashi mai tsanani, har a wurin waɗanda ba su cika shekara da farawa ba.

Alƙaluman na New York sun nuna abu biyu. Sigarin lantarki bai kai sigarin gargajiya ɓarna ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa hukumomin lafiya a Birtaniya ke ba manyan da suka kasa barin sigari shawarar komawa gare shi a matsayin matakin dainawa. Amma waɗannan hukumomin ne kuma ke cewa wanda ba ya shan taba kada ya fara. Saurayin da bai taɓa shan sigari ba, idan ya ɗauki na lantarki, daga rukunin kashi 28 ya tashi ya nufi na kashi 42.

Akwai kuma haɗarin da ba na sinadari ba. A 2019 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta kawo labarin wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Nevada ta Amurka da sigarin ya fashe a bakinsa, ya karya masa muƙamuƙi, ya zubar masa da haƙora. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma batirin da ke cikinsa ba ya son zafi, kuma kayan da suka kwana a rana kan tebur ko cikin mota sun fi shiga haɗari.

Inda likitan haƙori ya yi nisa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki a duniya, kuma a yankin Afirka abin ya shafi kimanin kashi 44 cikin 100 na jama'a. A yankin, likitan haƙori ɗaya ne ke fuskantar mutum kusan 30,000, a Nijar kuma 'yan kaɗan ɗin da ake da su sun fi taruwa a Yamai da manyan biranen jihohi.

Mai ciwon haƙori a ƙauyukan Badagishiri kan fara da kanumfari ko ƙwayar kashe zafi daga mai tebur, sannan asibitin gari. Idan abin ya faskara sai a nemi kuɗin mota zuwa babban asibitin Tawa, ko Ƙonni, ko a ƙetara Sakkwato. Kafin a kai wannan mataki sau da yawa haƙorin ya wuce cikewa, sai cirewa. Wasu ma ba sa zuwa ko'ina, masu cire haƙori na kasuwa suke miƙa wa baki, inda ƙarfen da ba a dafa ba kan iya ɗauko ciwon hanta daga wani zuwa wani.

'Yan ci-rani ma ba su tsira ba. Wanda ke aikin gini a Libiya ko Aljeriya ba tare da takardu ba, da wuya ya je asibiti saboda haƙori, kuma a Turai gyaran haƙori na cikin jinya mafi tsada. Kuɗin da aka tara don aure ko gini, haƙori ɗaya na iya cinye wani kaso mai tsoka daga ciki.

Doka na bin baya

Nijar ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, ta kuma kafa dokarta a watan Mayun 2006, lokacin da sigarin lantarki bai bazu a duniya ba. Najeriya ta kafa tata a 2015. A ƙarshen 2023 hukumar ta ce ƙasashe 34 sun haramta sayar da sigarin lantarki, 88 ba su sa ƙa'idar shekarun mai saye ba, 74 kuma ba su da wata doka a kansa.

Indiya ta haramta shi tun 2019. A 2025 Beljiyam da Faransa da Birtaniya duk suka hana sayar da irin wanda ake zuƙa a yar. Tarihin taba ya nuna cewa idan kasuwa ta tsuke a Turai, 'yan kasuwa kan juyo inda doka ta yi sako-sako kuma matasa suka fi yawa, Nijar kuwa na cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan matasa a duniya.

Abin da mai zuƙa zai iya yi

Dainawa ita ce magani, kuma ma'aikatan lafiya na iya taimakawa da shawara kan rage nikotin mataki-mataki. Wanda ya daina ya ga dasashinsa ya fara jini bayan 'yan makonni kada ya firgita ya koma. Jijiyoyin ne suka saki, ciwon da ke ɓoye ya fito, lokacin zuwa asibiti ke nan.

Kafin a kai ga dainawa, likitoci na ba da shawarar yawan shan ruwa, da wanke baki sau biyu a rana da man goge baki mai sinadarin fuloraid, musamman kafin barci. Asuwaki na da amfani ƙwarai wurin cire dauɗa, a haɗa shi da man, kada a bar ɗaya don ɗaya. A rage sukarin shayi, a kuskure baki da ruwa bayan an sha. Wanda aka cire wa haƙori ya nisanci zuƙar komai na aƙalla kwana uku, domin zuƙa na iya fizge gudan jinin da ya toshe ramin, nikotin kuma na jinkirta warkewa. Mai ciwon sukari ya ƙara kula, saboda ciwon sukari da ciwon dasashi kowanne na ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi.

Alamomin da bai kamata a yi wasa da su ba sun haɗa da warin bakin da ba ya tafiya, dasashin da ya janye har haƙori ya yi kamar ya ƙara tsawo, tsamin haƙori idan an sha ruwan sanyi, girgiɗi, da gyambo ko farin tabo a baki da ya wuce mako biyu bai warke ba.

Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙasashen da suka fi mu likitocin haƙori sun fara rufe ƙofa. Masu dawowa gida daga biɗa, waɗanda ƙanne ke kwaikwayon duk abin da suka gani a hannunsu, su ne ke da ikon farko na zaɓar abin da zai shiga jakar tsaraba da abin da za a bari a can.