Tattaki, Teɓa da Zumunci

Abin da magabatanmu suke yi kullum ba tare da sun sa masa suna ba, yau shi likita yake rubuta wa mutum a kati: a riƙa takawa. Da gona da kasuwa da rijiya, duk a ƙasa ake zuwa. Yanzu kuwa mutum sai ya share minti goma a bakin titi yana jiran ɗan sahu ya kai shi inda ƙafa za ta kai shi a minti bakwai, daga baya ya dawo yana kukan teɓa da hawan jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Minti 30 a rana har kwana biyar ya cika ƙaramin ma'aunin. Tafiyar da ake nufi ita ce mai ɗan sauri, wadda numfashi zai ɗaga, amma haki ba zai hana ka hira da abokin tafiya ba. Taku 10,000 da wayoyi ke ƙirgawa kuwa kada ya tayar wa kowa hankali, asalinsa talla ce. Wani kamfani ne a Japan ya fito da na'urar ƙirga taku a 1965, ya raɗa mata sunan wannan adadi. Wanda ya tashi daga taku 3,000 ya kai 7,000 ya riga ya ci babbar riba.

Sai dai a faɗi gaskiya, tafiya ba ta narkar da kitse da gaggawa. Mai nauyin kilo 70 yana ƙona kalori wajen 60 a kowace kilomita, alhali kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kusan 7,700. Robar lemo mai santilita 50 kuma ta haura kalori 200. A nan ake yin tufka da warwara. Ka taka kilomita uku zuwa gaida gwaggo, kafin ka gama zama ta aiki yaro kanti ya kawo lemo mai sanyi, kara ta hana ka ƙi, ka shanye. Abin da ka zubar a hanya ya dawo har da ƙari. Haka shayin majalisa, mai sukari cokali huɗu da madara. Alhali in ka ce, "Gwaggo, a ba ni ruwa kawai, zaƙi nake ragewa," ba za ta riƙe ka a rai ba. Ganinka ta fi bukata.

A ganina, abin da ke sa tattaki ya ɗore shi ne mutane. Mai zagaya fili shi kaɗai da wuya ya wuce makonni bai gaji ba. Amma wanda ya san Malam yana jiransa a ƙofar masallaci bayan asuba, ko barci ya fi zuma sai ya fito. Dama zumunci a ƙafa yake. Daga cikin mota hannu kawai kake ɗagawa. A ƙasa ne za ka ji an yi haihuwa a gidan wane, tsohon da ke zama a dakali kuma ya kwanta ciwo tun makon jiya. Ko Banu Salima da suka so tasowa kusa da masallacin Madina, Manzon Allah (SAW) ya umarce su su zauna a unguwarsu, domin ana rubuta musu ladan takunsu.

Mata ma ga hanya: Islamiyya, barka, dubiya, a haɗu uku ko huɗu a taka maimakon a tari ɗan sahu. Wadda fita ba ta samu ba, zagayen tsakar gida na minti goma bayan cin abinci yana taimakawa wajen sauke sukarin jini.

A zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar, a sha ruwa, a rufe hanci in hazo ya sauka. Mai ciwon sukari kada ya fita ba takalmi, kuma ya duba tafin ƙafarsa in ya dawo. Mai ciwon zuciya ya fara ganin likita. Saura kuwa, gobe in za ka masallaci, ka bar mashin ɗin a gida, ka yi wa maƙwabcinka sallama ku tafi tare.