Ladabin Ziyara da na Cin Abinci a Birnin Kyoto

Kyoto ta shafe sama da shekara dubu tana zaman fadar sarakunan Japan, daga 794 har zuwa 1868. Yaƙin Duniya na Biyu bai yi mata ɓarnar da ya yi wa Tokyo da Osaka ba, shi ya sa tsofaffin fadojinta da wuraren bautarta suke nan tsaye. Japanawa ba su mayar da su kufai na 'yan kallo ba. Har gobe ana ibada a cikinsu, kuma kowace ƙofa da ladabin shigarta.

Masu sammako kan fara da Fushimi Inari, wurin bautar addinin Shinto da aka kafa a 711. Dubban ƙofofin katako masu jan fenti ne aka jera a kan hanyar hawa dutse, kowace da sunan ɗan kasuwa ko kamfanin da ya ba da ita don neman albarka. Kafin shiga, Bajapane kan tsaya a wani kwami na dutse, ya ɗebi ruwa da ludayi, ya wanke hannun hagu, ya wanke na dama, ya zuba a tafin hannu ya kurkure baki, sannan ya miƙar da ludayin ragowar ruwan ya wanke mariƙin saboda na baya. Bahaushe zai ga kamar alwala, ko da yake aƙidar daban ce. A gaban wurin bautar sukan rusuna sau biyu, su tafa sau biyu, su sake rusunawa. A haikalin Buddha kuwa ba a tafi, haɗa hannuwa kawai ake yi.

Daga nan sai haikalin Buddha na Kiyomizu, inda aka kafa wani dandamali na katako mai tsayin kusan mita 13 a gefen dutse ba tare da ƙusa ko ɗaya ba. A ƙasansa ruwa na zubowa ta indararo uku, kuma mutane kan ce haɗama ce mutum ya sha dukkansu. A fadar Nijo, wadda mai mulkin soja Tokugawa Ieyasu ya gina a 1603, dole a tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Daɓen katakon yana kuka kamar tsuntsu idan an taka shi, har ana cewa hakan na tona asirin mai shigowa da sanɗa. A wannan fada ne mai mulkin soja na ƙarshe ya bayyana miƙa wa sarki mulki a 1867.

In rana ta take, sai kasuwar Nishiki, wani siririn lungu mai rufi, tsawonsa kusan mita 400, cike da shaguna fiye da ɗari. Ga kayan lambu da aka tsuma a gishiri, ga wainar ƙwai da ake naɗewa hawa-hawa, ga ƙananan kifaye busassu. Wanda ya sayi abu sai ya tsaya gaban shagon ya cinye, domin ci a tafe rashin tarbiyya ne a wurinsu.

Abincin Kyoto tarihi ne ya tsara shi. A 675 Sarki Tenmu ya hana cin naman wasu dabbobi saboda koyarwar Buddha, kuma ƙyamar nama ta daɗe har zuwa 1872 da Sarki Meiji ya ci naman shanu. Don haka masu girkin haikali suka gwanance a kan awara, wadda suke dafawa a ruwan ganyen teku a tsoma a miyar waken soya. Kuma da yake birnin na nesa da teku, a da 'yan dako ne ke kawo kifi mai gishiri a ƙafa daga gaɓar Wakasa, aka riƙa danna shi a kan shinkafa mai ɗan tsami. Har yanzu shi ne sushin da birnin ke alfahari da shi.

Da an zauna a gidan abinci, za a miƙo ɗan tawul mai ɗumi na goge hannu. Sai a haɗa hannuwa a ce "itadakimasu" kafin loma ta farko. Ba a soke tsinkayen ci a tsaye cikin shinkafa, saboda ta haka ne ake ajiye wa mamaci abinci. Ba a kuma miƙa loma daga tsinke zuwa tsinke, saboda ta haka ne dangi ke tsince ƙasusuwan mamaci bayan ƙona gawa. Amma zuƙar taliya da ƙara ba abin kunya ba ne. Musulmi sai ya yi tambaya, domin romon taliyar ramen sau da yawa na ƙashin alade ne, kuma ana zuba giyar shinkafa a miya da dama.

Idan an ƙoshi, a ce "gochisosama" a gode wa mai girki, a je wurin mai karɓar kuɗi a biya. Ba a barin tukuici. Wanda ya bar canji a tebur, yana iya ganin mai hidima ya biyo shi har titi da kuɗinsa a hannu, yana zaton mantuwa ya yi.