Abubuwan da ya kamata ka sani game da Street Fighter II na gida

A 1991 kamfanin Capcom na Japan ya fitar da Street Fighter II a manyan injinan wasa da ake jefa wa tsaba. Da wasan ya samu karɓuwa sai aka shiga cusa shi cikin kaset na na'urorin gida, kuma har gobe tsofaffin 'yan wasa na musu kan wanda ya fi.

Wa ya riga?

Nintendo ce ta sha gaba. Na Super Nintendo ya fito a 1992 cikin kaset mai megabit 16, aka sayar da fiye da miliyan 6. Mayaƙa takwas ake zaɓa a ciki, irin su Ryu da Ken da Chun-Li. Manyan mayaƙa huɗu na ƙarshen wasan, su Sagat da M. Bison, sai dai ka kara da su. Masu Sega Mega Drive sai da suka jira har 1993, amma jiran bai tashi a banza ba: nasu, Special Champion Edition, megabit 24 ne, da mayaƙa 12 cif, ga damar ƙara wa faɗan sauri.

Ido da kunne

A nan Nintendo ta yi zarra. Tana iya nuna launi 256 a lokaci guda, Sega kuwa kusan 64, shi ya sa filayen faɗa na Sega suka ɗan dushe. Murya ce ma abin tausayi. In Ryu ya yi ihunsa na Hadouken a Sega, sai ka ji kamar mai mura na magana ta tsohuwar rediyo. Dukansu dai an rage girman mayaƙan, an kuma datse wasu motsin da ke cikin na asali.

Matsalar hannu

Nan ne gizo ke saƙar. Maɓalli shida aka gina wasan a kai, uku na naushi, uku na shuri. Hannun Nintendo, wato abin sarrafa wasan, yana da shidan, sai dai biyu suna can a kafaɗarsa, kai musu yatsa a tsakiyar faɗa sai an saba. Hannun Sega na asali uku kacal gare shi, dole ka danna Start kafin ka koma daga naushi zuwa shuri. Ka yi tunani: mayaƙi Blanka ya taso maka, kai kuma kana laluben Start! Sega ta fitar da hannu mai shida a 1993, uku sama uku ƙasa, daidai jerin injin asali.

Akwai na uku

PC Engine ma ta samu nata a 1993, a Japan kaɗai, kuma ya yi kyau fiye da yadda aka zata daga ƙaramar na'ura irin wannan.

To, wanne za ka nema?

In kallo da sauraro ne a gabanka, ɗauki Street Fighter II Turbo na Nintendo, shi ma na 1993, wanda ya cike giɓin mayaƙa da na sauri. In kuwa dambe kake so da aboki, ni Sega zan ce maka, amma kada ka biya kuɗin kaset sai ka tabbatar akwai hannu mai maɓalli shida.