Me Ya Kawo Sifiri A Gaban Ƙarfe Tara?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, ya aiko da tambaya: me ya sa wayarsa ke nuna 09:05 maimakon 9:5?

To Malam, wannan sifirin ba ado ba ne. Ita kwamfuta biyar kawai ta sani. Mai tsara mata aiki ne ke umartar ta da ta ware gurbi biyu na awa, biyu na minti, in lambar ba ta kai goma ba ta cike gurbin da sifiri. Ba don haka ba, wani sai ya ɗauki 9:5 a matsayin 9:50, motar kasuwa ta tashi ta bar shi da buhunansa.

Na biyu, in kwamfuta na jera lokuta kamar kalmomi, lambar farko take fara dubawa. Sai ta sa 10:00 gaban 9:00, lissafin ciniki ya rikice. Amma 09:00 na zama a muhallinsa. Tun 1988 hukumar ma'auni ta duniya, ISO, ta fitar da wannan ƙa'ida.

Saboda haka in saƙon banki ya nuna 14:07, cire 12: ƙarfe biyu na rana ke nan da minti bakwai, ba saba'in ba. Allah ya ba da kasuwa.