Katunan Spider-Man da 'yan wasa suka ƙosa su gani

Shin kun san akwai wasan kati da ake tara katunansa kamar dukiya? Sunansa Magic: The Gathering, kuma wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, shi ya ƙirƙiro shi, aka fara sayar da shi a 1993. Ranar 26 ga Satumba, 2025, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da sabbin katuna na Spider-Man.

Tun kafin su fito, idon 'yan wasa yana kan katin Peter Parker mai fuska biyu: a gaba saurayi ne kamar kowa, in an juya shi sai ga Spider-Man. Haka ma na Miles Morales. Amma wanda ya fi tayar da ƙura shi ne The Soul Stone, wanda in ka biya abin kunna shi, zai riƙa dawo maka da mayaƙin da ya mutu duk lokacin da layi ya zo kanka.

Sai dai a kula. A rufe ake sayar da fakitin, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka yage. Shi ya sa tsofaffin hannu sukan sayi katin da suke so kai tsaye, maimakon su ƙarar da kuɗinsu a kan sa'a.