Gurɓataccen ruwa da kududdufai a yammacin Zamfara

Gurɓataccen ruwa a ƙauyukan yammacin Zamfara shi ne ruwan da ke fitowa daga wanka, wanki, masai da kuma wankin ƙasar zinariya a ƙananan hukumomin Anka, Bukkuyum da Gummi. A mafi yawan ƙauyukan, ruwan yakan bi ta rariya ya fita bayan gida, daga nan ya gangara kududdufi ko tafki. Kududdufan kan samo asali ne daga ramukan da aka haƙa don ɗiban ƙasar gini. A cikinsu dabbobi ke shan ruwa, yara ke wanka, magina kuma ke buga tubali. Da damina, idan suka cika, sukan malala zuwa fadamu da rafukan da ke zuba a Kogin Zamfara.

Gubar dalma ta shekarar 2010

A watan Maris na shekarar 2010, ƙungiyar likitoci ta na-gari-na-kowa, MSF, ta lura da yawan mace-macen ƙananan yara a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna cewa duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gari suna ɗauke da dalma mai yawa. An ƙiyasta cewa yara aƙalla 400 ne suka rasu. Ƙura da ƙasar tsakar gida su ne babbar hanyar da gubar ta shiga jikin yara, amma ruwa ma ya taka rawa, domin a bakin kududdufai ake wanke garin dutsen, laka mai dalma kuma ta riƙa kwantawa a ƙasansu. Tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta auna ruwan yankin a wannan shekarar ta samu dalma mai yawa a kududdufai. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dalma ta wuce maikurogiram 10 a kowace lita ta ruwan sha.

Aikin tsaftacewa

An fara tsaftace Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, sannan Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru suka biyo baya. Kamfanin TerraGraphics na Amurka da Cibiyar Blacksmith sun yi aikin tare da gwamnatin jihar da masarautun yankin. An kankare gurɓatacciyar ƙasa, an binne ta a ramuka na musamman a wajen gari, aka zuba sabuwa a madadinta. Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai a 2013 aka tsaftace ta, bayan gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin.

Hanyoyin tace ruwa a ƙaramin gari

Ruwan gida da ruwan ma'adinai ba magani ɗaya suke buƙata ba. Ana iya zuba ruwan wanka da wanki a rami mai cike da duwatsu da tsakuwa, ƙasa ta tsotse shi. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji ke bi ita ce masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya. Gari mai yawan jama'a na iya gina jerin tafkuna marasa zurfi, inda datti ke kwantawa a na farko, hasken rana da gansakuka kuma su rage ƙwayoyin cuta a na gaba. Wasu wuraren ana dasa kacalla don ta ƙara tace ruwan, sai dai tana buƙatar kulawa, ganin yadda ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru.

Dalma kuwa ba ta ruɓewa. Tafasa ruwa ba ya cire ta, hasken rana ma ba ya kashe ta. Saboda haka dole a yi wankin ƙasar zinariya nesa da gidaje da wuraren shan ruwa, a tara ruwan a rami mai daɓen siminti, a sake amfani da shi, a kwashe lakar a binne. Haka nan tubalin da aka buga da lakar gurɓataccen kududdufi yana mayar da gubar cikin ɗakin kwana.