Sunan "Ciwon Sukari" da Lissafin Allurar Insulin ga Yara

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi yadda ake auna wa yaro mai ciwon sukari allurar insulin gwargwadon abincinsa, da irin ruɗanin da sunan cutar ke jefa iyaye a ciki.

2.0 Yadda Ake Lissafin

Galibin yaran da ke fama da cutar nau'i na ɗaya gare su, wato jikinsu ya daina samar da insulin, sinadarin da ke shigar da sukarin jini cikin ƙwayoyin jiki. Kafin 1922, shekarar da aka fara yi wa Leonard Thompson, ɗan shekara 14, wannan allura a Toronto ta ƙasar Kanada, irin waɗannan yara ba su yin tsawon rai.

Abin da ake ƙirgawa a cikin abinci shi ne kabohaidiret, sashen da ke narkewa ya koma sukari a jini. Likita ne ke yanke wa kowane yaro ma'auninsa. Alal misali, idan ma'aunin yunit 1 ne ga giram 15, kuma yaron zai ci kofi guda na dafaffiyar shinkafa mai kimanin giram 45, to yunit 3 za a yi masa.

3.0 Matsalar Suna

Da Bahaushe ya ji "ciwon sukari", sai hankalinsa ya tafi ga zaƙi. Uwa takan hana ɗanta alewa da rake, sannan ta cika masa kwano da tuwo, alhali kabohaidiret ɗin kofin shinkafar nan ya kai na cokalin shayi 11 na sukari. Tuwo da fura da masa da doya duk suna cikin lissafi, nama da ƙwai kuwa ba su ciki.

Haɗari mafi girma shi ne idan aka yi allurar amma yaro bai ci abincin ba. Sukarin jininsa zai faɗi, ya kama gumi da makyarkyata, har ya suma. Kafin ya kai ga suma, sukarin da aka haramta masa shi ne maganinsa, amma sunan cutar yakan sa uwa ta ji tsoron ba shi.

4.0 Kammalawa

Fassarar "abinci mai ba da kuzari" ba ta wadatar ba, domin mai ma yana ba da kuzari. Muna ganin "abinci mai komawa sukari" ya fi dacewa, tun da yana nuna wa uwa abin da za ta auna kafin allura.